Takardar Inna ta ce HER2 2+, gwajin jini kuma ya fito lafiya: wanne za mu bi?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ina rubuto miki daga Gadarif, a ƙasar Sudan. Innarmu shekarunta 54, ta daina al'ada shekara uku ke nan. An sami ƙullutu a nononta na hagu, hoto ya nuna santimita 3, kuma akwai kaluluwa a hammata. An ciri nama da allura, takarda ta fito cewa sankara ce, daraja ta 2, ER 90%, PR 30%, HER2 2+, Ki-67 25%. Amma gwajin jini na CA 15-3 ya fito 18, aka ce lafiya lau. Kawunmu ya ce tunda jini bai nuna ba to babu cutar. Yayanmu da ke Jidda kuma yana so ya aiko kuɗi a yi wani gwajin ƙwayoyin gado mai tsada. Me lambobin nan ke nufi? Za ta warke? Ni ma ina jin tsoron kaina.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Da maganar Kawu zan fara, domin ita ce mai iya cinye muku watanni a banza. Ki gaya masa cikin ladabi cewa gwajin jinin nan ba ya soke abin da nama ya nuna. CA 15-3 sinadari ne da ƙwayoyin nono ke zubarwa cikin jini, mai lafiya ma tana da shi kaɗan, kuma galibin ɗakunan gwaji suna ɗaukar duk abin da bai kai 30 ba a matsayin daidai. Sai cuta ta yi yawa a jiki, ta kai ƙashi ko hanta ko huhu, sannan yake tashi a jikin mafi yawan mata. A farkon cuta kuwa, yawancin masu sankarar lambarsu daidai take fitowa. Ta ɗaya ɓangaren, ciwon hanta da wasu cututtukan da ba su da alaƙa da daji suna iya ɗaga shi su tayar wa mace hankali a kan ba komai. Shi ya sa ƙungiyar likitocin daji ta Amurka ta daɗe tana hana amfani da shi wajen neman cutar, ko tabbatar da ita, ko tantance inda ta kai. Inda yake da rana shi ne ga wadda cutarta ta riga ta bazu kuma lambarta ta riga ta hau: ana bin ta lokaci zuwa lokaci, tare da hotuna, a ga ko magani yana ci. Lambar 18 ɗin Hajiya ba ta ce akwai ba, ba ta ce babu ba. Da ni aka tambaya, da ba a kashe kuɗin ba.

Abin da ya yanke hukunci shi ne ɗan naman da aka ciro da allura. Yana da kyau ki san abin da aka yi da shi, don ki gane daga ina lambobin suka fito. Siririn nama ne, tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba. Ana jefa shi cikin ruwan fomalin ya daskare a siffarsa, a cire masa ruwa, a zuba masa narkakken kaki ya sandare cikin wani ƙaramin akwatin roba. Wannan dunƙulen kakin shi ne muke ce wa bulok. Daga shi ake yanko salala mai sirantar da ba ta kai kaurin gashi ba, a ɗora kan gilashi, a rina. Rinin farko, mai ja da shuɗi, shi ne ke nuna wa likita cewa ƙwayoyin sun fasa bangon hanyar ruwan nono sun shiga naman da ke kewaye, wato sankara ce mai kutsawa. Sauran gilasan kowanne ana zuba masa wani magani da ke manne wa sinadari guda kawai, in ya same shi sai wurin ya koma ruwan ƙasa. A gilashin ER, likita na duba tsakiyar kowace ƙwaya a ƙarƙashin madubi: ta rinu ko ba ta rinu ba? A na Hajiya, cikin kowace ƙwaya goma, tara sun rinu. Ma'anar 90% ke nan. Ba yana nufin cutar ta ci kashi 90 na jikinta ba. Na sha ganin 'yan uwa sun yi kuka a kan wannan lambar, alhali ita ce mafi daɗin labari a takardar.

ER wuri ne a cikin ƙwaya da sinadarin mata, istirojin, ke kamawa ya umarce ta ta hayayyafa. Sankarar da ke da shi da yawa ta dogara da istirojin wajen girma, kuma duk abin da ya dogara da wani abu ana iya horar da shi ta hanyar hana shi. An gano hakan tun kafin a san dalili. A 1896 wani likita a Gilasgo mai suna George Beatson ya ba da rahoton yadda ya cire wa wata mata mai sankarar nono gidan ƙwanta, sai ciwon ya ja baya. Amma an ga wasu matan suna amfana, wasu ko gezau, babu wanda ya san yadda zai bambance su, har Elwood Jensen ya gano wannan wurin kamun a Shikago a 1958. Daga nan aka iya duba nama a ce wannan za ta ji maganin hana istirojin, waccan ba za ta ji ba. Wajen bakwai zuwa takwas cikin goma na sankarar nono suna da ER. Ko kashi 1 cikin ɗari ya rinu ana rubuta cewa akwai, amma tsakanin 1 da 10 ba mu cika dogara da shi ba. Casa'in kuwa babu gardama.

Abin da hakan ke nufi ga Hajiya shi ne ƙwayar magani ɗaya kullum na shekara biyar, wani lokaci har goma. Tamoxifen shi ne tsohon magani, mai araha, kuma an tara sakamakon dubban mata aka ga shekara biyar a kansa yana rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku, amfanin kuma yana ci gaba har bayan an daina sha. Ga wadda ta daina al'ada kamar Hajiya an fi zaɓen letrozole ko anastrozole, domin sun ɗan fi shi ƙarfi a wannan shekarun. Suna sa ciwon gaɓoɓi da raunin ƙashi. Shi kuma tamoxifen yana iya sa daskarewar jini a ƙafa ko zubar jini daga mahaifa, wanda in an gani sai a koma asibiti ba tare da jinkiri ba. In letrozole ya yanke a kasuwa, kamar yadda magunguna ke yankewa a ƙasar nan tun da yaƙi ya fara a Afrilun 2023, gara likita ya mai da ita kan tamoxifen da ta zauna babu komai. Azumi ba ya hana shi, ana sha da sahur ko bayan buɗa baki. Abin da na fi tsoro ga masu ER ba shekarar farko ba ce, shekara ta uku ce, lokacin da jiki ya yi kyau, mace ta ce ai ta warke ta ajiye ƙwayar. Wannan irin sankarar mai haƙuri ce, tana iya kwanciya shekara goma ko ashirin sannan ta ɗago kai.

PR ɗan rakiya ne. Kasancewarsa alama ce cewa hanyar istirojin a cikin ƙwayar tana aiki yadda ya kamata. Talatin cikin ɗari ya isa, ba ya sauya magani.

HER2 2+ shi ne inda aikin bai ƙare ba, kuma da ni ce ku, nan zan sa kuɗin Yaya kafin ko'ina. HER2 sinadari ne da ke zaune a fatar ƙwaya yana karɓar saƙon girma. A wajen kashi 15 zuwa 20 na sankarar nono, ƙwayar gadon da ke ƙera shi takan ninka kanta sau da yawa, sai fatar ƙwayar ta cika da shi, cutar ta yi saurin girma da bazuwa. Dennis Slamon ne ya nuna hakan a Los Anjeles a 1987, kuma a wancan lokacin mummunan labari ne ga duk wadda aka samu da shi. A 1998 aka amince da trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, allurar da ke manne wa HER2 kai tsaye. Da aka haɗa ta da kimawi, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji da galibi ake sawa ta jijiya, ga masu cutar da ba ta bazu ba, dawowar cuta da mutuwa duka suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Alama ɗaya ce, amma da can tana nufin haɗari, yanzu tana nufin haɗari mai magani.

A gilashin HER2 ba tsakiyar ƙwaya ake duba ba, gefenta ake duba. In zobe mai duhu ya kewaye ƙwayoyin kaf, 3+ ke nan, akwai. In babu rini, ko ɗan dishi-dishi ne da bai kewaye ba, 0 ko 1+, babu. Shi kuwa 2+ zoben ya kewaye amma bai yi duhu ba, ido ba zai iya rantsewa ba. Ba rabin cuta ba ne, ba kuma matsakaici ba ne. Likita ne ke cewa a je a ƙirga. Gwajin ƙirgar sunansa FISH, akwai kuma 'yan uwansa da ake karantawa da madubi na yau da kullum. Ana sa wa ƙwayar gadon HER2 alama mai launi ɗaya, a sa wa zaren gado na 17 da take zaune a kai wani launin, sai a ƙirga ɗige-ɗigen a cikin ƙwayoyi aƙalla ashirin. In na HER2 ya ninka ɗayan sau biyu ko fiye, kuma yawansa a kowace ƙwaya ya kai huɗu, to akwai. Mafi yawan masu 2+ suna fitowa babu, amma wajen ɗaya cikin huɗu ko biyar takan fito akwai. Wannan ba adadin da za a yi caca a kansa ba ne.

Dalilin da na matsa a kai shi ne sakamakon yana sauya tsarin maganin tun daga ranar farko. In akwai HER2, da ƙullutu mai santimita 3 da kaluluwa a hammata, abin da aka fi yi yanzu shi ne a fara da kimawi da trastuzumab kafin tiyata. Ƙullutun ya kan ragu, wani lokaci ya narke gaba ɗaya, kuma abin da aka tarar a naman bayan tiyata shi kansa alama ce mai ƙarfi: wadda ba a sami ragowar cuta ba makomarta ta fi kyau, wadda aka samu kuwa ana iya sauya mata magani. In babu HER2, galibi da tiyata ake farawa. Saboda haka kada a yi gaggawar shiga ɗakin tiyata kafin a sani, kada kuma a ce ana jira har wata biyu su wuce. Ba a buƙatar sake huda ta. Bulok ɗin da ke ɗakin gwajin da ya rubuta takardar shi ake karɓa a aika inda ake yin FISH, a cikin ƙasa in an samu, ko Alƙahira, ko Jidda wurin Yaya. Kaki ne, ba ya buƙatar ƙanƙara; a dai kiyaye shi daga zafin rana da gaban mota, kada ya narke.

In ya fito akwai, maganar kuɗi za ta taso, don ƙa'idar ita ce allura duk mako uku har shekara guda, da duba zuciya kafin a fara da kuma duk wata uku, saboda maganin yana iya raunana bugunta. Abu biyu za su sassauta muku. Yanzu akwai kamfanoni da dama da ke yin trastuzumab da farashi ƙasa da na asalin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance na farkonsu a ƙarshen 2019. Sannan wani babban bincike a Birtaniya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2019 a kan mata wajen 4,000, ya nuna wata shida ya kusa kamo shekara guda wajen amfani. Ba na cewa a tsara wata shida tun farko, amma iyalin da suka ga ba za su iya shekara ba, kada su ce to a bar shi baki ɗaya.

Ki-67 kuma yana nuna kashi nawa na ƙwayoyin ke cikin hayayyafa a lokacin da aka ciro naman. A tunani abu ne mai kyau, a aikace kuwa shi ne mafi rauni a takardar, domin likitoci biyu na iya duba gilashi ɗaya, ɗaya ya ce 18, ɗaya ya ce 28, gwargwadon inda kowa ya ƙirga. Masanan da suka zauna a kai sun yarda cewa 5 zuwa ƙasa kaɗan ne, 30 zuwa sama da yawa ne, abin da ke tsakani ba a gina hukunci a kansa shi kaɗai. Na Hajiya 25 ne. Ki karanta shi ki wuce. Daraja ta 2 ma tsaka-tsaki ce, kuma kada ki rikita ta da mataki. Daraja kamannin ƙwayoyin ne a madubi: ko suna jeruwa kamar na nono mai lafiya, yadda tsakiyarsu ta canza siffa, da yawan masu rabuwa biyu. Mataki kuwa nisan da cutar ta yi a jiki ne.

Tambayarki ta ko za ta warke, mataki ne ya fi amsa ta, kuma duk da sababbin gwaje-gwajen da suka fito, girman ƙullutu da yawan kaluluwar da cuta ta shiga har yau su ne kan gaba. Ƙullutu tsakanin santimita 2 da 5 tare da 'yan kaluluwa masu motsi a hammata mataki na biyu ne, muddin hotuna ba su nuna cuta a wani wuri ba. To amma ba kowace kaluluwa ce cuta ta shiga ba, wata kumburi ne kawai. A duba ta da na'urar hoto, a tsotso ta da siririyar allura. In akwai cuta a ciki, a yi hoton ƙirji da ciki da ƙashi. Mataki na biyu cuta ce da ake yi wa magani da niyyar warkarwa, ba da niyyar lallaɓawa ba. A ƙasashen da mace ke samun magani cikakke a kan lokaci, fiye da takwas cikin goma na masu wannan matakin suna raye bayan shekara biyar. Rai na hannun Allah, kuma lissafin dubban mata ba ya faɗin ranar mutum ɗaya. Abin da ke rage wannan adadin a wurinmu ba irin jininmu ba ne kawai, yankewar magani ne. Kafin Afrilun 2023 mafi yawan masu daji asibitin Zarra na Khartum suke zuwa ko cibiyar daji ta Jami'ar Jazira a Wad Madani. Yaƙi ya tarwatsa wannan tsarin, mutane suka bazu Marawi da Fot Sudan da Kasala da Masar, wasu da rabin kimawi a jiki babu ko takarda. Don haka tun yanzu ku tambayi likitanta ina za a yi kowane sashe, musamman gashi, wato ƙona cutar da hasken inji, wanda injinansa kaɗan ne a ƙasar, kuma ki ɗauki hoton kowace takarda a waya ki aika wa Yaya ya ajiye.

Akwai wata magana da ba ki tambaya ba amma ta fi gwajin da Yaya ke so a yi muhimmanci. Duk lambobin nan daga ɗan abin da allura ta ɗebo ne. Kin ga yadda mai sayen riɗi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif ke soka wa buhu ƙarfen nan mai rami ya zubo kaɗan a tafin hannu? Galibi abin da ya gani shi ne a buhun, amma wani lokaci gindin buhun daban ne. Haka ƙullutu yake, wani gefen kan bambanta da wani. Shi ya sa bayan tiyata ake sake duba naman gaba ɗaya, wani lokaci a maimaita HER2 musamman in na farko ya bar shakka. To wannan naman na tiyata yana lalacewa cikin sauƙi. Ƙa'ida ita ce ya shiga fomalin mai ƙarfin kashi 10 kafin awa ɗaya da cire shi, a tsattsaga shi don ruwan ya ratsa ciki, ruwan ya ninka naman yawa sosai, kuma ya zauna tsakanin awa 6 da 72. Na sha karɓar nono guda cikin bokitin roba, ba a tsaga ba, da ɗan ruwa a gindi, ya kwana biyu a hanya cikin zafin bazara a hannun ɗan uwan mara lafiya. Wajen ya daskare, cikin ya ruɓe. In aka rina irin wannan, ER ba ya fitowa ko da akwai shi, sai a rubuta babu, a hana mace ƙwayar da za ta tsare ta shekaru. Mu a madubi muna da hanyar ganewa: hanyoyin nono masu lafiya da ke gefen ciwon dole wasu ƙwayoyinsu su rinu, in su ma ba su rinu ba to naman ne ya mutu, ba ER ne babu ba. Amma ba kowace takarda ce ke faɗin hakan ba.

Wannan ya shafi wani abin da za ki ji ana yawan faɗa, cewa sankarar matan Afirka ba ta jin ƙwayar hana istirojin. Akwai gaskiya a ciki: irin da babu ER, babu PR, babu HER2 ya fi yawa a matan da asalinsu Afirka ta Yamma ne, kamar mu, fiye da Turawa, har ma fiye da matan Habasha. Amma wani sashe na adadin da aka daɗe ana yaɗawa lalataccen nama ne ya haifar da shi. A Najeriya, binciken da aka fitar a 2008 wanda aka kula da ajiyar nama yadda ya kamata ya sami ER a kusan biyu cikin uku na matan. Saboda haka kafin ranar tiyata ki tambayi likitan, ba tare da jin kunya ba, wa zai tsaga naman, yaushe zai shiga fomalin, kuma yaushe zai isa ɗakin gwaji. Likitan kirki ba zai ji haushin tambayar ba.

Gwajin da Yaya ke magana a kai ɗaya ne cikin biyu, kuma mutane suna cakuɗa su. Na farko ana yin sa a kan naman ciwon, irin su Oncotype DX mai duba ƙwayoyin gado 21 ya ba da maki daga 0 zuwa 100, ko MammaPrint mai duba 70. Tambaya ɗaya suke amsawa: wannan matar mai ER, marar HER2, za ta amfana da kimawi ko ƙwaya kaɗai ta ishe ta? Binciken TAILORx na 2018 a kan mata sama da 10,000 ya nuna masu shekaru sama da 50 da cuta ba ta shiga kaluluwarsu ba, in makinsu bai wuce 25 ba, kimawi ba ya ƙara musu komai. Wani binciken da ya biyo baya ya nuna haka ga waɗanda suka daina al'ada ko da cuta ta shiga kaluluwa ɗaya zuwa uku. Gwaji ne na gaske, ya kuɓutar da mata da yawa daga wahalar da ba ta da amfani. Amma dubban daloli ne, naman sai an kai waje, kuma ga Hajiya lokacinsa bai yi ba. In HER2 ya fito akwai, ba shi da amfani sam. In kaluluwa huɗu ko fiye suka kamu, kimawi za a ba ta ko me makin ya ce. Sai an yi tiyata, an ƙirga kaluluwa, an ga ta faɗa tsakiyar da ake shakka, sannan a yi maganarsa. Ko a lokacin, akwai wani ma'auni kyauta a intanet mai suna PREDICT, na Kambirij, da likitanta zai cika da shekarunta da waɗannan lambobin ya ga kimanin abin da kimawi zai ƙara. Da matan Ingila aka gina shi, don haka jagora ne kawai, amma ya fi zato.

Na biyun shi ne ya shafe ki. Ana yin sa da jini ko yawu, yana neman tawaya a ƙwayoyin gadon BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995. Aikinsu gyara ɓarnar da ke faruwa a zaren gado. In mace ta gaji mai tawaya, haɗarin sankarar nono a tsawon rayuwarta yakan kai kusan bakwai cikin goma, ga kuma na gidan ƙwai. Sai dai kashi 5 zuwa 10 kacal na sankarar nono ne na gado. Mace ɗaya mai shekara 54 da ER mai ƙarfi, in babu wata a dangi, ba ita ce siffar da ke sa mu zargin gado ba. A Amurka tun 2024 suna ba da shawarar a gwada duk wadda aka samu da cutar in ba ta wuce 65 ba, amma su kuɗinsu ba ya karo da na trastuzumab. In har za a yi, Hajiya ake fara gwadawa, ba ke ba. In babu a jikinta babu abin da za ki gada daga gare ta, in akwai kuma kowane ɗa nata, mace ko namiji, rabi da rabi ne.

Kasancewarki 'yar mai cutar ya ɗan ɗaga haɗarinki sama da na sauran mata ko babu BRCA, don haka ki san nononki, duk ƙullutu ko shigewar kan nono ko jini daga gare shi a kai wa likita, kuma ki fara hoton nono daga shekara 40. Kada ki je ki yi CA 15-3 don kwantar da hankali. Abin da za ki iya yi a makon nan kyauta ne: ki zauna da gwaggonni da innoni ki tambaye su wa ya taɓa yin ciwon nono, wace ce ta rasu da kumburin ciki wanda aka ce ruwa ne, a shekara nawa, kuma akwai namijin da aka taɓa yi wa aiki a nono. Ki bi dangin mahaifin Hajiya kamar yadda za ki bi na mahaifiyarta, domin tawayar na bi ta namiji ba tare da ta nuna a jikinsa ba, kuma a gidajen da ake auren zumunci reshe biyun sukan haɗu. In kin sami wadda ta kamu kafin shekara 50, ko wadda cutar ta kama nononta biyu, ko mai sankarar gidan ƙwai, ko namijin da ya kamu, ki rubuta ki kai wa likitan Hajiya tare da sakamakon FISH.